Yadda ƙasusuwan mutanen farko suka haɗu da na dabbobin da suka ƙare a kogon Sterkfontein

Wani ɗan'uwa mai koyar da kimiyya a makarantar sakandare ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin wani kogo a Afirka ta Kudu inda aka tono ƙasusuwan mutanen farko a cakuɗe da na namun dajin da yanzu babu irinsu a doron ƙasa, yana so ya san ko a cikin kogon waɗannan mutane suke kwana suna tashi, ko su ne suka farauto dabbobin suka ci naman suka bar ƙashin, sannan ta wace hanya aka san shekarun ƙashin da ba a rubuta kwanan wata a jikinsa ba.

Malam, kogon da kake nufi shi ne Sterkfontein, wanda ke lardin Gauteng, tazarar kamar kilomita 50 arewa maso yammacin Johannesburg, kusa da garin Krugersdorp. Shi da kogwannin da ke maƙwabtaka da shi ne hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Amsar tambayarka ta farko a gajarce ita ce, mafi tsufa daga cikin waɗannan halittu ba su taɓa mayar da cikin kogon gida ba. Wasunsu faɗawa suka yi ta wani rami suka mutu a ƙasa, wasu kuwa namun daji ne suka cinye su, ragowar ƙashin ya gangara ciki. Dabbobin da ka ji an same su tare, da yawa daga cikinsu su ne masu cin, mutanen kuma su ne abin cin. An ɗauki shekaru masu yawa ana gardama kafin a gane haka, kuma yadda aka gane ɗin ya fi amsar kanta amfani ga ɗalibanka, shi ya sa zan tsaya a kansa sosai.

Kafin nan, akwai buƙatar mu daidaita kan kalmar "mutum", domin tana ruɗa masu karatu. Yawancin ƙasusuwan Sterkfontein na wata halitta ce da masana ke kira Australopithecus, wadda ke tafiya a miƙe da ƙafa biyu kamar mu, amma tsayinta bai wuce na yaro ɗan shekara tara ko goma ba, fuskarta ta turo gaba, hannuwanta kuma sun dace da hawan bishiya. Shahararren ƙoƙon kan da aka samu a wurin, wanda ake yi wa laƙabi da Misis Ples, gurbin ƙwaƙwalwarsa mililita 485 ne, wato ledar ruwan sha guda ta rabin lita za ta cika shi har ta yi saura, alhali kan babban mutum a yau yana ɗaukar kusan leda uku. Ana sanya su a dangin mutum ne saboda siffar ƙugu, da ƙafa, da haƙora, da kuma ramin da laka ke ratsawa a gindin ƙoƙon kai, wanda a wurinsu yake ƙarƙashi kamar namu, maimakon can baya kamar na dabba mai ƙafa huɗu. Abin da ƙashi ke iya faɗa shi ne yadda mai shi ya tsaya, abin da ya ci, da zamanin da ya rayu. Maganar ruhi da matsayin ɗan Adam a wurin Mahaliccinsa tana da malamanta, kuma ba da ma'aunin ƙashi ake yanke ta ba.

Wanda bai san siffar kogon ba zai zaci irin kogon da makiyayi ke fakewa ciki ne idan hadari ya taso, mai faɗin baki, mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Sterkfontein ba haka yake ba. Dutsen yankin dolomait ne, ɗan'uwan farar ƙasa, wanda ya kwanta a gindin wani tsohon teku fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, kuma idan ya yi ta ratsa tsagar irin wannan dutse shekara da shekaru, sai ya narkar da shi ya buɗe manyan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, cike da ruwa, babu ƙofa babu taga. Bayan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, ɗakunan suka bushe, sai zaizaya ta huda rufinsu daga sama, aka sami rami mai zurfi kamar rijiya gaba dubu. Ta wannan rijiya ƙasa da tsakuwa da ganye da ƙashi suke zubowa, suna taruwa a ƙasa kamar tarin hatsi a ƙarƙashin bakin rumbu. Ruwan da ke ɗiga daga rufi yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, ita ce ke shiga tsakanin tarkacen ta ɗaure shi ya zama dunƙule mai tauri kamar kankare. Wannan farar ƙasa ce ta tsare ƙashin, domin a ƙasa mai tsami ƙashi ba ya daɗewa yake ruɓewa. Shi ya sa duwatsunmu irin su Kufena da Kwatarkwashi, da yake ruwa ba ya narkar da irin dutsensu, ba su haifar da irin waɗannan rumbunan ƙashi ba. Rashin irin kogon a wuri ba ya nufin halittun ba su rayu a can ba, tunda a Koro Toro ta ƙasar Chadi an sami muƙamuƙin wani Australopithecus a 1995, mai shekara kamar miliyan 3 da rabi, a fili cikin hamada.

Masu haƙar farar ƙasa ne suka fara buɗe kogon, a shekarun 1890, bayan an gano zinariya a yankin Johannesburg a 1886 kuma masu tace ta suna buƙatar farar ƙasa da yawa. Da nakiya suke aiki. Abin da suke so shi ne farin dutse tsantsa, dunƙulen da ke da ƙashi kuwa juji ne a wurinsu, sai su tara shi gefe, wani ma su ƙona shi a cikin tanderu. Ina jin ciwon wannan har yau, domin babu mai iya dawo da abin da ya ƙone, ko da yake gaskiya ce cewa ba don su ba da ba a ga cikin dutsen da wuri haka ba. A 1936 wani likita ɗan Sikotland, Robert Broom, ya karɓi dutsen da ya ɗauki siffar cikin wani ƙoƙon kai daga hannun mai kula da ma'aikatan wurin, wanda ya zama Australopithecus baligi na farko da aka samu. A ranar 18 ga Afrilu 1947, yana da shekara 80, shi da mataimakinsa John Robinson suka tayar da nakiya, dutsen ya tsage, ga ƙoƙon kan Misis Ples ya rabu biyu, rabi a bango rabi a dunƙulen da ya faɗo. An haɗa shi, kuma layin tsagar yana nan ana gani. Tun 1966, lokacin da Phillip Tobias da Alun Hughes na Jami'ar Witwatersrand suka fara tono na tsanaki, an fitar da ɗaruruwan gutsattsarin ƙashin waɗannan halittu daga wurin, tare da dubban ƙasusuwan dabbobi.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Zaton da ka yi, cewa su ne mafarautan, shi ne zaton babban masanin da ya fara bayyana Australopithecus ga duniya a 1925, wato Raymond Dart. A wani kogon dabam mai suna Makapansgat, can arewa, Dart ya ƙirga gutsattsarin ƙashin dabbobi fiye da 7,000, sai ya lura da wani abin mamaki: muƙamuƙai suna da yawa ƙwarai, haka ƙaho, haka ƙarshen ƙashin damtse na wajen gwiwar ƙafar gaba, amma ƙashin baya da na wutsiya da ɗaya ƙarshen ƙashin damtsen sun yi ƙaranci. Ya ce ai wannan zaɓe ne, kuma mai hankali ne kaɗai ke zaɓe. A ganinsa halittun sun riƙa kashe dabba su ɗauko sassan da za su yi makami da su, muƙamuƙi ya zama zarto, ƙaho ya zama wuƙa, ƙashin damtse ya zama kulki. Har ya nuna kawunan bika, wato gwaggon biri, da suka lotsa, ya ce dukan kulkin ne. Maganar ta karɓu sosai a shekarun 1950, ta fita daga jami'a ta shiga bakin jama'a, aka yi ta cewa asalin mutum makashi ne.

Wanda ya warware wannan shi ne wani masanin tsofaffin ƙasusuwa, C. K. Brain, kuma ya yi shi ne ta hanyar da kowane ɗan ƙauye zai fahimta. A shekarun 1960 ya je wasu ƙauyukan makiyaya a bakin kogin Kuiseb cikin hamadar Namib, inda mutane ke yanka awaki su ci, su jefa wa karnuka ƙashi. Ya bi ya tsince duk ƙashin akuyar da ya rage a ƙasa, ya ƙirga. Abin da ya samu ya yi daidai da lissafin Dart: muƙamuƙi da yawa, ƙarshen ƙashin damtse na ƙasa da yawa, ƙashin baya da wutsiya kusan babu. Makiyayan nan kuwa ba su taɓa yin makami da ƙashin akuya ba. Dalilin kawai shi ne, sassan da suka rage su ne masu tauri da babu ɓargo ko maiƙon kirki a cikinsu, masu laushin kuwa haƙori ya gama da su. Malam, ka jarraba wannan da ɗalibanka mako biyu bayan Babbar Sallah. Ku zaga bayan gari inda ake zubar da ƙashin layya, ku duba abin da karnuka suka bari, za ku tarar da muƙamuƙi da haƙoransa, da ƙaho, da gaɓoɓi masu tauri, ba za ku cika ganin haƙarƙari ko guringuntsi ba. Zaɓen da Dart ya gani na haƙorin mai ci ne. Kawunan bikan da suka lotsa kuwa, nauyin ƙasa da faɗowar duwatsu cikin kogo sun isa su yi musu haka.

Daga 1965 Brain ya koma tono a Swartkrans, wani kogo da ke fuskantar Sterkfontein, tazarar kamar kilomita ɗaya a hayin rafi. A cikin kayan wurin akwai bayan ƙoƙon kan wani yaro daga wani reshe na dangin, wanda ake kira Paranthropus, mai manyan turamen haƙori. An ba ƙashin lamba SK 54. A jikinsa akwai ƙananan huda biyu, zagayayyu, milimita 33 tsakaninsu, kuma da farko an ce wani ne ya soke shi sau biyu da abu mai tsini. Brain ya ɗauko muƙamuƙin ƙasa na wata damisa da aka tono a wannan kogon, ya ɗora fiƙoƙinta biyu a kan hudar, suka shige daidai. Na sha nuna wa ɗalibai kwafin waɗannan ƙasusuwa biyu, kuma duk wanda ya ɗora ɗaya kan ɗaya da hannunsa yakan yi shiru na ɗan lokaci, domin nan take yake ganin abin da ya faru: damisar ta kama yaron ta kai, fiƙoƙin ƙasa a ƙeya, na sama a wajen idanu, ta ja shi kamar yadda take jan bika har gobe.

Sauran bayanin ya zo ne daga lura da ɗabi'ar damisa mai rai. Ita takan haye bishiya da abin da ta kama don kada kura ta ƙwace. A wannan tudu mai ciyawa da sanyi, inda gobarar daji ke cin ƙananan itatuwa, bishiyoyi sun fi samun rayuwa a bakin ramukan kogo, saboda akwai danshi da kariya. Ke nan bishiyar da damisa za ta hau tana tsaye ne a kan bakin rijiyar, kuma duk abin da ya suɓuce daga bakinta ƙasa zai yi. Damisa ɗaya bayan ɗaya, shekara dubu bayan dubu, ƙashi ya taru. Brain ya kuma ba rabbi, dabbar nan mai kama da damisa mai tsananin gudu, gawar bika da ta barewa don ya kwatanta, ya ga cewa ƙashin barewa yakan rage da yawa, na bika kuwa ana cinye shi har ƙashin baya, a bar kai. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa a waɗannan kogwanni kawuna da haƙoran dangin mutum suka fi sauran jikinsu yawa nesa ba kusa ba. Ya ƙara da wata hanyar, cewa a daren hunturu bika kan kwana a bakin kogo don neman ɗumi, kuma idan waɗancan halittu ma sun yi haka, manyan kuliyoyin da ke zaune can ciki ba su da wahalar samun abinci.

Ba damisa kaɗai ke tara ƙashi ba. Kura tana kai shi raminta ta farfasa. Beguwa tana kwaso busasshen ƙashi tana gwaguya don ta rage tsawon haƙoranta, kuma tana barin zane mai faɗi a jere kamar na kurfi, wanda ba ya kama da na kowa. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungum ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule a ƙarƙashin inda take kwana, shi ya sa ake samun wurare cike da ƙananan ƙasusuwa kamar tsinken sakace. Hatta ƙoƙon kan yaron da aka samu a Taung ta Afirka ta Kudu, wanda da shi Dart ya fara sanar da duniya wannan dangi, daga baya an ga alamun akaifar gaggafa a cikin gurbin idanunsa.

Dabbobin da suka ƙare kuwa, sanannu daga cikinsu su ne kuliyoyi masu dogayen fiƙoƙi kamar takobi, irin su Megantereon da Dinofelis, da wata kura mai dogayen ƙafafu mai farauta da gudu da ake kira Chasmaporthetes, da birai dangin bika masu suna Parapapio, da wata dabba mai ƙaho mai suna Makapania. An daɗe ana zargin Dinofelis da cin dangin mutum, amma da aka auna sinadarin kabon da ke cikin haƙoransa, wanda ke nuna irin abincin da dabba ta rayu a kai, sai aka ga ya fi cin dabbobi masu kiwon ciyawa, zargin ya fi ƙarfi a kan damisa da kura da Megantereon. A cikin dunƙulen da aka sami Misis Ples an kuma sami itacen da ya zama dutse, har da irin igiyoyin kurmi masu naɗe manyan bishiyoyi, shaidar cewa bakin rafin ya fi na yau duhuwa a wancan zamani.

Hanya ta biyu, wato faɗawa cikin rami, labarinta yana tare da ƙwarangwal ɗin da ake kira Little Foot, ma'ana Ƙaramar Ƙafa. A 1994 Ron Clarke yana bincika wani akwati na ƙasusuwan dabbobi da aka tsinto daga tarkacen masu nakiya, sai ya ga ƙananan ƙasusuwan ƙafa guda huɗu da ya tabbata ba na dabba ba ne. A 1997 ya ci karo da wasu a cikin kayan da aka ajiye da sunan ƙashin dabbobi, cikinsu har da ƙarshen ƙashin ƙwauri mai sabuwar karaya, irin wadda nakiya ke yi. Ya yi tunanin cewa idan nakiya ce ta karya shi, to ɗaya rabin yana nan maƙale a bangon kogo. Ya ba mataimakansa biyu, Stephen Motsumi da Nkwane Molefe, kwafin guntun, ya ce su sauka wani ɗaki mai duhu da ke can ƙasa su nemi inda zai dace. Ka yi tunanin aikin: bango mai faɗi, jiƙaƙƙe, cike da gutsattsarin ƙashi, fitila a hannu, ana neman wuri mai faɗin kwabo. Cikin kwana biyu suka same shi, kuma da suka ɗora guntun sai ya zauna daram. Ina ambaton sunayensu da gangan, domin a tarihin wannan ilmi hannuwan Afirkawan da suka yi tonon sun cika ɓacewa a bayan sunan farfesa.

An shafe shekara 20 ana fitar da wannan ƙwarangwal daga dutse da tsabtace shi, da wani ɗan abin sassaƙa mai aiki da iska kamar na likitan haƙori, saboda ƙashin ya fi dutsen da ya riƙe shi laushi. An nuna shi ga jama'a a watan Disamba 2017, kusan kashi 90 cikin 100 na jikin yana nan, alhali shahararriyar Lucy, wata Australopithecus da aka tono a Habasha, kashi 40 ce. Mace ce da ta manyanta, tsayinta kamar santimita 130. Gaɓoɓinta suna haɗe a inda Allah ya halicce su, yatsun hannu ɗaya a dunƙule da babban yatsa a kan tafi, wanda ke nuna babu naman dajin da ya yayyaga ta, gawar ta bushe ne a wurin kafin ƙasa ta rufe ta. Dabbobin da ke kewaye da ita su ma sun ba da shaida, domin yawancinsu birai ne da kuliyoyi, masu ƙaho kaɗan ne. Masu hawa ne ke kusantar bakin irin wannan rami ko su bi reshe su leƙa, kuma wanda ya faɗa ba shi da hanyar fita.

Sai maganar shekaru, wadda a nan ne ya kamata ka fi yin hattara a gaban aji. Awon kabon-14 da aka fi sani ba ya aiki a nan ko kaɗan, domin rabin wannan sinadari yana ƙarewa duk shekara 5,730, bayan shekara kamar 50,000 kuma babu abin aunawa. A Habasha da Kenya da Tanzaniya masu bincike sun yi sa'a, ƙasusuwansu suna kwance tsakanin shimfiɗun tokar duwatsu masu aman wuta, ita kuwa toka ana iya auna shekarunta da kyau. A Sterkfontein babu toka. Da farko sai aka dogara da dabbobi: idan an san cewa dangin doki da jakin dawa na yanzu sun shigo Afirka ne wajen shekara miliyan 2.3 da suka wuce, to duk dunƙulen da ke da haƙorinsu bai girmi haka ba. Daga baya aka koma auna ɓawon farar ƙasa da ɗigar ruwa ke shimfiɗawa, ta hanyar lissafin yuraniyom da ya rikiɗe ya zama dalma. Wannan awo ya ba Little Foot shekara miliyan 2.2 a 2006. Amma da aka sake duba bangon da kyau, sai aka gane cewa ruwa ya taɓa wanke ƙasar da ke ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin ya bar gurbi, ɓawon kuma daga baya ya shigo ya cike gurbin. Awon daidai ne, sai dai shekarun facin ya faɗa, tamkar a auna sumuntin da aka toshe tsagar ganuwa da shi a ce shi ne shekarun ganuwar.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda ke auna tsawon zaman yashi a cikin duhu. Duk ƙwayar ƙanƙarar dutse da ke kwance a sarari, wasu tsirkiyoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suna dukanta, suna haifar da sinadarai biyu a cikinta, alminiyom-26 da beriliyom-10, na farkon ya ninka na biyun kusan sau 7. Ranar da ƙwayar ta gangara cikin kogo, tsirkiyoyin ba sa isa gare ta, haifuwar ta tsaya, sinadaran biyu suka fara ƙarewa. Rabin alminiyom ɗin yana tafiya cikin shekara kamar 700,000, na beriliyom kuwa sai kamar miliyan 1.4. Saboda ɗaya ya fi ɗaya saurin ƙarewa, ratar da ke tsakaninsu tana raguwa da rabi duk shekara miliyan 1.4 ko kusa da haka, daga 7 zuwa 3 da rabi, daga nan zuwa ƙasa da 2. Da wannan ne Darryl Granger na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa suka ba Little Foot shekara miliyan 3.67 a 2015, wato ta girmi Lucy mai miliyan 3.2. A 2022 suka auna dunƙulen Misis Ples suka sami wajen miliyan 3 da rabi, suka ce haƙoran dokin da aka dogara da su sun gauraya ne daga wani dunƙule na baya lokacin tono. Wasu masana, musamman masu kwatanta haƙoran birai da na gabashin Afirka, ba su yarda ba, suna nan kan miliyan 2 zuwa 2.6. A nawa ganin hujjar masu awon yashi ta fi ƙarfi a kan Little Foot, domin an ɗebi samfurin a jikin bangon da take, amma a kan Misis Ples, wadda nakiya ta fitar, abin da ya dace ka gaya wa ɗalibai shi ne shekarunta suna tsakanin miliyan 2 da miliyan 3 da rabi, kuma ana kan gardamar.

Zatonka na farko yana da wurin da ya zama gaskiya, sai dai a can gaba. A dunƙulen Sterkfontein na baya-baya, masu shekara kamar miliyan 2, kayan aikin dutse sun fara bayyana, tsakuwoyin da aka fasa da gangan don a sami kaifi. A Swartkrans an sami ƙasusuwa masu gogaggen baki da aka yi tono da su, kuma zanen da ke jikinsu ya yi kama da na ƙashin da aka fasa shurin gara da shi. A shimfiɗa ta uku ta wannan kogo, mai shekara kamar miliyan 1, Brain da Andrew Sillen sun ba da rahoton ƙonannun ƙasusuwa 270 a 1988, waɗansu sun sha zafin da ya wuce na gobarar ciyawa, irin wanda sai an hura itace a wuri ɗaya ake samu. A wannan shimfiɗar ƙasusuwan dangin mutum sun ragu idan aka kwatanta da na ƙasa, alamun yanka a jikin ƙashin dabbobi kuma sun bayyana. Daga nan ne za a fara cewa wasu sun zauna a bakin kogo sun ci nama.

Akwai kuma wani kogo a wannan kwarin da ya zo da akasin tambayarka. A 2013 wasu masu shiga kogwanni biyu, Rick Hunter da Steven Tucker, suka matsa ta wata tsaga mai faɗin santimita 18 a kogon Rising Star, suka sauka wani ɗaki da ƙashi ke warwatse a ƙasa. An fitar da gutsattsari kamar 1,550 na aƙalla mutum 15, jarirai da matasa da tsofaffi, na wata halitta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da aka raɗa wa suna Homo naledi a 2015, wadda ta rayu tsakanin shekara 236,000 da 335,000 da suka wuce. A wannan ɗaki babu damisa, babu barewa, babu bika, in ban da ƙashin mujiya guda da 'yan haƙoran ɓeraye, kuma babu tabon haƙori a jikin ƙasusuwan. Tunda duk hanyoyin da na lissafa maka suna kawo dabbobi iri-iri tare, rashin dabbobin ne ya zama abin tuhuma. Lee Berger, wanda ya jagoranci tonon, da tawagarsa suna cewa 'yan'uwan mamatan ne suka riƙa kai gawa can da gangan, har daga baya suka ce binne su aka yi. Masana da dama sun ce hujjar binnewar ba ta cika ba tukuna, suna neman a fara tabbatar da cewa babu wata tsohuwar ƙofa da ta toshe, kuma ruwa ko gangarowar laka ba su taka rawa ba, wato tambayoyin da Brain ya fara yi a kan ƙashin awakin bakin Kuiseb su ne ake yi wa wannan ɗakin yanzu.